Yadda Ake Dasa Shuwaka a Gida, Daga Yankan Reshe Zuwa Fitar Fure

Shuwaka tana cikin tsirran da ƙasar Afirka ta haifa da kanta, ba baƙuwa ba ce irin tumatir da rogo da masara waɗanda asalinsu nahiyar Amurka ne. Tana fitowa ba tare da an shuka ta ba a bakin rafuka da gefen kurmi da gonakin da aka daɗe ba a noma ba, tun daga Gini har Habasha, har zuwa kudancin nahiyar. Duk da haka, a birane irin su Kano da Katsina da Maraɗi, yawancin masu yin miyarta a kasuwa suke sayen ganyen, ko dai busasshe ko kuma wanda aka riga aka wanke aka dunƙula, alhali gindi uku ko huɗu a gefen tsakar gida sun isa su wadatar da tukunyar iyali. Dasa ta ba ya cin kuɗi, ba ya kuma buƙatar wata gwaninta. Abin da yake raba wanda ya mori shuwakarsa da wanda ta zame masa doguwar sanda mai 'yan ganyaye a ƙololuwa shi ne sanin yadda ake yanka ta, tun daga reshen da za a dasa har zuwa babban sassaben ƙarshen rani.

Kafin a ɗauki wuƙa, akwai wani ruɗani da ya kamata a kauce masa. Masana tsirrai suna kiran shuwaka Vernonia amygdalina tun da wani masanin tsirrai Bafaranshe mai suna Delile ya rubuta bayaninta a 1826, kuma tana da dangi masu yawa da aka sanya wa sunan Vernonia. A dajinmu akwai domashi, wanda aka fi sani da ɗacin saiwarsa. A gabashi da tsakiyar ƙasar Amurka kuwa akwai wasu da suke fitowa a makiyaya masu damshi, su yi dogon kara, su fitar da furanni masu launin shunayya a watannin Agusta da Satumba, kuma mutanen can suna dasa su a lambunan gidajensu domin ado da kuma jawo malam-buɗe-littafi. Waɗannan ba ganyen miya ba ne. Karansu yana mutuwa duk lokacin sanyi ya sake tohowa daga saiwa, irinsu kuma yana son ya yi makonni cikin sanyi da damshi kafin ya tsiro da kyau, abin da ƙasarmu ba za ta ba shi ba. Saboda haka wanda ya ga ana tallar irin Vernonia a intanet tare da hoton fure mai launin shunayya, kada ya kashe kuɗinsa da zaton shuwaka ce. Furen tamu fari ne, kuma reshen da ake nema yana gidan maƙwabci.

Wuri da lokaci

Shuwaka tana son rana, aƙalla ta rabin yini. Idan aka dasa ta a ƙarƙashin mangwaro ko darbejiya za ta rayu, amma za ta yi ta miƙewa tana neman haske, rassanta su yi siriri, ganyen ya yi tazara. A can arewa inda zafin bazara yake tsananta, kamar Sakkwato da Damagaram, wurin da ya fi dacewa shi ne gabashin katanga, inda za ta sha ranar safe da ta hantsi, sannan inuwar katangar ta rufe ta bayan azahar.

Abu na biyu shi ne damshi. Tun da asalinta 'yar bakin rafi ce, tana son ƙasa mai riƙe laima, amma ba ta jure kwanciyar ruwa a gindinta na kwanaki. A gidajenmu babu wurin da ya kai kusa da inda ake alwala ko inda ake ɗauraye kwanuka, domin ruwan da ake zubarwa sau biyar a rana ya isa ya rage wa mai gida rabin wahalar ban ruwa a rani. Sai dai a nisanta ta daga makwararar banɗaki da ta ruwan wanki mai garin sabulu ko bilic, tun da ganye ne da za a ci. A kuma bar tazarar mita ɗaya tsakaninta da katanga, musamman idan ginin ƙasa ne, saboda yawan zuba ruwa yana cin tushen gini.

Lokacin dashe shi ne bayan damina ta zauna, ba ruwan farko da yakan sauka ya ɗauke na mako biyu ba. A Kaduna da Zariya da Jos wannan yakan kama ƙarshen Mayu zuwa Yuni, a Kano da Katsina da Maraɗi kuwa sai ƙarshen Yuni zuwa Yuli. Kada a wuce tsakiyar Agusta, domin dashen yana buƙatar kamar wata biyu na ruwan sama kafin ya iya tsayawa da ƙafarsa. Mai rijiya ko famfo a gida zai iya dasawa a kaka ko hunturu, ko da yake tohon zai yi jinkiri saboda sanyi. Maris da Afrilu ne kawai bai kamata a gwada ba, don reshen yakan bushe kafin ya yi saiwa.

Zaɓen reshe

A nan ne ake yin kuskuren da ba ya gyaruwa daga baya, saboda haka ya cancanci a tsaya a kansa. Reshen da aka dasa yana ɗauko halin uwarsa gaba ɗaya: faɗin ganye, ƙarfin ɗaci, da cutar da take ɗauke da ita idan akwai. Shuwaka kuwa ba ɗaya ba ce, wata ɗacinta yana fita da wanki biyu, wata sai hannu ya gaji. Don haka kafin a roƙi reshe a tsinki ɗanyen ganye a tauna, a kuma tambayi matan gidan sau nawa suke sauya ruwa idan suna wanke ta. A dubi sababbin ganyayen da ke kan rassa. Idan sun murɗe, ko sun ƙanƙance, ko suna da dabbare-dabbaren ruwan ɗorawa, a haƙura da wannan gindin ko da kyauta ne, domin irin wannan cuta tana bin reshe. Wanda bai sami mai ita a unguwa ba, ya nufi masu sayar da dashen itatuwa a bakin titi, ko kasuwanni irin na Sabon Gari inda 'yan kudu suke sayar da kayan miya, ya tambayi ewuro a wurin Yarbawa ko onugbu a wurin Ibo, ya kuma bayyana cewa ƙosasshen kara yake so na dasawa, tun da damin da ake sayarwa don miya yawanci ɗanyen kai ne.

Reshen da ake so shi ne wanda ya kwana shekara, ɓawonsa ya bar kore ya koma toka-toka, kaurinsa kuma tsakanin na ɗan yatsa da na babban yatsa. Ɗanyen kai ba ya yi, saboda cikinsa farar totuwa ce mai laushi, kuma da ya ji damshin ƙasa sai ya ruɓe. Tsohon reshe mai kaushin ɓawo kuma yana jinkirin tohowa. A yanka shi gunduwa-gunduwa, kowace santimita 30 zuwa 40, wato kamar taƙi biyu, a tabbatar kowace gunduwa tana da ido huɗu ko biyar. Idon yana nan a kowace gaɓa: idan aka duba da kyau za a ga tabon inda ganye ya faɗi, sannan a samansa kaɗan akwai wani ɗan ƙurji da bai kai ƙwayar gero biyu ba. Daga nan toho yake fitowa, kuma shi ne yake nuna ina ne sama, domin kullum idon yana bisa tabon. Wannan yana da muhimmanci, saboda da zarar an cire ganye an tara gunduwoyi a ƙasa, sama da ƙasa suna rikicewa, kuma reshen da aka dasa a kife da wuya ya yi abin kirki. Hanyar kauce wa haka ita ce a yanke gindin a miƙe daf da ƙasan gaɓa, a yanke kan kuma a karkace. Karkataccen yankan yana da wani amfanin, ruwan sama ba ya zama a kansa ya shiga totuwar.

A yi amfani da wuƙa mai kaifi ko almakashin lambu. Karyawa da hannu ko sara da dakusasshiyar adda yana farfasa ƙarshen reshe, kuma ta nan ruɓa da gara suke shiga. A cire ganyen duka, ko a bar ƙarami guda a sama, don reshen da ba shi da saiwa ba zai iya shayar da ganye ba. An fi son a yanka da safe a dasa a ranar. Idan daga wani gari za a kawo, a naɗe cikin jiƙaƙƙen buhu a ajiye a inuwa, kuma da an iso a tsayar da gindin cikin bokiti mai ɗan ruwa har zuwa lokacin dashe, kada dai ya wuce kwana biyu. Wanda yake son gindi huɗu ya yanko shida ko bakwai, ya dasa rarar a gefe su zama na ajiya, don ba duka suke kamawa ba.

Rami da dashe

A haƙa rami mai zurfin santimita 30 zuwa 40, faɗinsa ma haka. A ware ƙasar sama gefe guda, a cuɗa ta da rabin bokiti zuwa bokiti ɗaya na ruɓaɓɓen taki da cikin tafin hannu na toka, a mayar cikin ramin. Ruɓaɓɓen taki ana gane shi da hannu da hanci: ya yi baƙi, yana marmashewa, ba ya ɗumi, ba ya wari. Ɗanyen kashin kaji yana ƙona sabuwar saiwa, ɗanyen kashin shanu mai haɗe da kara kuma yana kiran gara. Idan ƙasar jigawa ce a ƙara yawan takin domin ta riƙe ruwa. Idan laka ce mai kwanciyar ruwa, a tayar da kunya a dasa a kanta maimakon a cikin kwari. A zuba ruwa a bar ramin ya kwana biyu ƙasar ta zauna.

Tazarar mita ɗaya tsakanin gindi da gindi ta isa ga na gida. Mai nufin kai wa kasuwa, wanda zai riƙa yanka akai-akai, zai iya matse su zuwa santimita 60 ko 75. Amma a ware rami guda can gefe, mita biyu daga sauran, domin gindin da za a bari ya yi fure, wanda bayaninsa yake tafe.

Wajen dasawa, a fara huda ƙasar da wani tsinken icce sannan a zura reshen, kada a soka shi da ƙarfi, don ɓawon gindin yana saɓulewa, kuma a nan ne saiwa take fitowa. A binne rabi zuwa kashi biyu cikin uku, yadda ido biyu ko uku za su shiga ƙasa, biyu su rage a waje. Na ganye a dasa su a kishingiɗe, kamar rabin tsakanin tsaye da kwance, saboda a haka idanu da yawa suke tohowa lokaci guda, gindin ya fito da rassa tun daga ƙasa. Na fure a dasa shi a tsaye. A danne ƙasar da hannu ko da diddige har sai an ɗan ja reshen an ji ya ƙi motsi, a yi masa ɗan gurbi kewaye, a cika da ruwa.

Cikin mako ɗaya zuwa biyu idanun za su fashe, ƙananan ganyaye masu laushin gashi su fito. Wannan tohon farko yana yaudarar mutane. Ba alamar saiwa ba ce, abincin da ke cikin karan ne yake fitar da shi, saiwar kuwa sai nan da wasu makonni. Saboda haka kada a rage ruwa don an ga kore, kada kuma a tumɓuke don a leƙa ko ya kama. Idan aka yi kwana biyu ba ruwan sama a ba shi da yamma, gwargwadon yadda ƙasa za ta yi laima ba taɓo ba. Idan rana ta yi tsanani a jingina masa guntun zana ta yamma.

Abokan gaba a wannan lokaci uku ne. Gara tana shiga ta gindi ta cinye totuwar, sai a ga tohon ya yi yaushi rana ɗaya, kuma alamarta ita ce jan ginin ƙasa da take ɗorawa a jikin karan. A karkare shi, a barbaɗa toka, a kuma tabbatar babu busasshen kara ko ciyawa da ke taɓa reshen. Kaji suna tone gurbin. Awaki kuwa, kada kowa ya dogara da ɗacin, suna cin shuwaka sarai, kuma akuya guda za ta iya share aikin wata biyu kafin a idar da salla. A kewaye da ƙaya, ko darnin kara, ko tsohon gidan sauro da aka ɗaure a turaku huɗu. Bayan mako shida, duk reshen da bai toho ba, ko ya yi baƙi, a cire shi a maye gurbinsa da ɗaya daga cikin na ajiya.

Yanka

Idan sababbin rassan suka kai gwiwa, a sa farce a tsinke kan kowanne. Mutum yakan ji nauyin yin haka ga tsiron da ya sha wahalar reno, amma duk kan da aka tsinke, idanun da ke ƙasansa suna farkawa su ba da rassa biyu ko uku. Idan waɗannan ma suka yi taƙi biyu a sake tsinke su. Da haka gindin yake yin faɗi ya cika, maimakon ya tafi sama da kara ɗaya.

Wajen wata na uku za a iya fara ɗiba. Yadda aka saba a gidaje da yawa shi ne a kama reshe a zage ganyen ƙasa a bar 'yan na sama, kuma wannan ce hanyar da take mayar da shuwaka sanda. Reshen da aka zage ba ya mayar da ganye a inda aka cire, sai dai ya ƙara tsawo, har a wayi gari sai an taka kujera kafin a sami na miya. Abin da ya dace a damina shi ne a yanke kan reshen ɗungurungum, kamar taƙi ɗaya, daf da saman wata gaɓa, a bar ido biyu ko uku a ƙasa. Ganyen da ke wannan kai shi ne mafi laushi da faɗi, kuma cikin mako biyu zuwa uku wurin zai sake cika. Kada a kwashe fiye da rabin ganyen gindi a ɗiba ɗaya. Mai gindi huɗu ya riƙa zagayawa, yau wannan, mako mai zuwa wancan, yana riƙe tsayinsu tsakanin ƙugu da ƙirji. A rani kuwa, lokacin da toho yake jinkiri, a sassauta wuƙa, a riƙa tsinkar manyan ganyaye ɗai-ɗai. Idan kuma aka ga kan reshe ya fara tara ƙananan ƙulle-ƙullen fure a gindin da ake so don miya, a yanke su nan take, saboda da shuwaka ta juya ga fure ganyenta yana ƙanƙancewa, ɗacinsa kuma ya ƙaru.

Sau ɗaya a shekara ana yin babban sassabe. Lokacinsa shi ne ƙarshen rani, idan hadari ya fara haɗuwa ko an sami ruwa ɗaya ko biyu. A sare gindin gaba ɗaya a bar santimita 40 zuwa 50 daga ƙasa, da adda mai kaifi ko zarto, yankan a karkace. Kututturen zai yi muni na mako biyu, har mutanen gida su ce an kashe ta, daga nan kuma sai toho ya ɓarke ta ko'ina da ganye mai faɗin da ba a gani ba tun bara. Wanda ya yi wannan sassabe a tsakiyar Maris ba tare da ruwan da zai bi shi da shi ba, shi ne zai iya rasa gindin. Rassan da aka sare kuma za su iya zama irin dashen bana ga mai ruwan da zai riƙa ba su kafin damina ta zauna. Bayan wasu shekaru kututturen yakan tsufa, gara ta yi masa rami, tohon ya ragu. Idan aka ga haka a dasa sabon reshe a gefensa, a bar tsohon ya ƙara damina ɗaya, sannan a tumɓuke shi.

Tsiron da ake yanka kullum dole a riƙa mayar masa da abin da aka ɗauka. Bayan babban sassabe a zuba bokitin ruɓaɓɓen taki kewaye da gindin a ɗan cuɗa da ƙasa, a ƙara rabin haka a tsakiyar damina. A ganina wannan ya wadatar ga na gida. Mai son ƙarawa da takin zamani ya ɗebi cikin kwalin ashana ɗaya na NPK 15-15-15 ga kowane gindi, ya binne shi a zagaye taƙi ɗaya daga karan, kuma sai ƙasa tana da laima. Yawan yuriya yana kawo ganye mai ruwa-ruwa wanda darɓa, ƙananan ƙwarin nan masu tsotse ruwan ganye, take so. Idan ganyen ƙasa ya fara zama ruwan ɗorawa, a tona gefen gindin a duba kafin a zuba taki, domin kwanciyar ruwa ma tana kawo hakan.

Rani da ƙwari

Gindin da ya shekara yana jure fari, amma jurewa daban, ba da ganye daban. Domin a ci gaba da samun na miya, a ba kowane gindi bokiti guda sau biyu ko uku a mako, a zuba a hankali ya nutse. Wannan ya fi yayyafin kullum da ba ya wuce saman ƙasa. A rufe gurbin da buntun shinkafa ko ɓawon gyaɗa ko busasshen ganye, a bar ɗan fili kewaye da karan saboda gara. Ƙurar hunturu tana lulluɓe ganye, sai a riƙa watsa masa ruwa lokaci-lokaci. Idan aka yi tafiya aka dawo aka tarar ta zubar da ganye duka, a kankare ɓawon da farce. Muddin akwai kore a ciki tana da rai, ruwa kawai take jira.

Darɓa takan taru a ƙarƙashin sababbin ganyaye har su naɗe, kuma yawan hawa da saukar tururuwa a kara shi ne yake tona asirinta. Idan kaɗan ce a yanke kan da ta kama a jefar. Idan ta yi yawa a daka ƙwallon darbejiya kamar giram 50 ga kowace litar ruwa, a jiƙa ya kwana, a tace da tsumma, a narka ɗan sabulun wanka a ciki, a fesa da yamma har ƙarƙashin ganye, a maimaita bayan mako guda. Fara da tsutsa a gindi huɗu ba su wuce a tsince su da hannu da sassafe ba. Fiya-fiya da sauran magungunan sauro ko na rumbu ba su da wuri a kan ganyen da za a kai tukunya.

Gindin da aka bar wa fure

Wannan shi ne wanda aka dasa a tsaye can gefe. A shekarar farko a tsinke kansa sau ɗaya kawai, daga Agusta kuma a ɗauke masa wuƙa. Zai wuce tsayin mutum, yakan kai mita uku zuwa biyar idan ya sami shekaru. Cikin hunturu zuwa farkon bazara kan kowane reshe zai yi tari mai faɗi na ƙananan furanni farare masu ɗan sirkin ruwan madara, kowanne da siraran zare da suka leƙo waje. Mai ɗacin ganye irin wannan, furenta ƙamshi ne da shi mai daɗi, wanda ya fi tashi da yamma. Da hantsi kuwa za a ji gunjin ƙudan zuma tun kafin a iso wurin, domin furen yana zuwa ne a lokacin da ciyawar daji ta bushe, abin da za su sha ya yi ƙaranci. Masu kiwon zuma a Habasha sun san darajarta saboda wannan dalili. Wanda yake da amya ko akwatin zuma a gona zai amfana idan ya jera ta a shinge, haka ma mai lambun rani da yake son ƙudan zuma su ziyarci kabewa da kankanarsa. A cikin gida dai kada a sa wannan gindin a bakin ƙofar ɗaki ko inda yara suke wasa, kuma kada a fesa masa komai, ko da ruwan darbejiya ne, muddin yana cikin fure.

Idan furen ya bushe ya koma ruwan ƙasa, kowane iri zai fito da ɗan gashi a kansa wanda iska take ɗauka. Kafin ya watse a yanko tarin, a shanya a inuwa cikin faranti, a murje, a adana a ambulan na takarda, ba leda ba. Shuka iri ta fi dashen reshe jinkiri, kuma 'ya'yan ba lallai su yi halin uwarsu ba, amma tana da amfani ga mai son gindi da yawa. A farkon damina a barbaɗa sabon iri a kan lallausar ƙasa mai taki a cikin kwali ko ɗan fili mai inuwa, a danne da tafin hannu ba tare da an binne shi da zurfi ba, a riƙa yayyafa ruwa. Yakan tsiro cikin mako biyu zuwa uku, kuma bayan wata guda ko ɗaya da rabi a cire masu ƙarfi da ƙasar gindinsu a dasa da yamma. Sau da yawa ma za a ga wasu sun fito da kansu a inda ruwa yake zuba.

Mai zaman haya ko wanda aka shafe tsakar gidansa da siminti zai iya dasawa a buhun shinkafa mai cin kilo 50 ko rabin durum. A huda ƙasan, a cika da ƙasa kashi biyu da taki kashi ɗaya, a sa reshe biyu, a riƙe tsayinta a ƙugu. Ruwa a nan kusan kullum ne a rani, don buhu yana saurin bushewa.

Daga lambu zuwa tukunya

A zage ganyen daga kara, a baza shi ya ɗan sha iska har ya yi yaushi, domin wanda ya yi yaushi ba ya dagargajewa wajen murza. A zuba a roba da ruwa kaɗan da ɗan gishiri, a murza tsakanin tafukan hannu har kumfa kore ya taso, a matse, a sauya ruwa, a maimaita ana ɗanɗanawa. Inda za a tsaya ya danganta da miyar da kuma bakin masu ci: mai haɗawa da gyaɗa ko agushi, kamar yadda mutanen Duwala a Kamaru suke yin miyarsu ta ndole, zai iya barin ɗan ɗaci, saboda gyaɗar tana kwantar da shi. Tafasawa da kanwa tana gajarta aikin, amma tana rage wa ganyen amfani.

Ruwan matsar farko mutane da yawa suna sha don zazzaɓi ko ciwon ciki ko ciwon sukari. Ba mutane kaɗai ba ma, a 1987 masanin birai Michael Huffman ya ga wata birinya marar lafiya a dajin Mahale na Tanzaniya tana ɓare ɗanyen reshen shuwaka tana tsotse totuwarsa. Amma abin da yake da ƙarfin yin magani yana da ƙarfin yin illa. Mai shan maganin sukari na asibiti kada ya haɗa da wannan ruwan sai ya tambayi likitansa, mai juna biyu kuma ta bar shi gaba ɗaya.

Rarar ganyen damina, musamman na watan Agusta da Satumba, ita ce miyar rani. A wanke shi kamar yadda aka bayyana, a matse sosai, a warware dunƙulen a baza a tabarma ko faifai a inuwa mai iska, ana juyawa, har sai ya bushe yana ƙaras-ƙaras idan an murza. Wanda aka shanya a tsakar rana yana yin baƙi. A zuba a gwangwani ko kwalba mai murfi, a ajiye nesa da damshi, ranar girki kuma a jiƙa shi a ruwan ɗumi na ɗan lokaci, a matse, sannan a zuba a miya.